Daga Race Course zuwa Aburi: Gonar da ta sauya arzikin Ghana

Da asubahin fari motarmu ta bar kasuwar Race Course a Kumasi, ɗauke da 'yan albasa, 'yan goro da wasu iyayenmu mata masu tumatir. Muka bi ta Nkawkaw da Koforidua, sai ga mu a Mampong ta Akuapem. A kula, ba Mampong ɗinmu ta ƙasar Ashanti ba ce.

Nan ne gonar Tetteh Quarshie take, maƙerin nan da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko, ya shuka a 1879. 'Yan mishan na Basel sun riga shi gwadawa, amma tasa ce ta kama, manoma suka riƙa sayen iri a wurinsa. Ya rasu a 1892. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gold Coast fitar da koko a duniya.

Gonar ba ta da wani girma. Mai yi mana jagora ya fasa ƙwallo ɗaya, muka tsotsi farin naman da ke lulluɓe da 'ya'yan, zaƙi da ɗan tsami. Ya nuna yadda ake rufe su da ganyen ayaba kusan kwana shida kafin a shanya. Wata Hajiya ta ce ita dai kokon da ta sani shi ne na gero da ƙosai, aka yi ta dariya.

'Yan goro kam sai suka yi shiru. Kafin wannan itace, goro ne arzikin dajin Ashanti, kuma shi ya ja fataken kakanninmu daga Kano zuwa Salaga.

Daga nan muka gangara lambun Aburi da aka buɗe a 1890, inda Turawa suka riƙa raba wa manoma dashen koko. Akwai jerin dogayen itatuwa masu kama da kwakwa a bakin shiga, ga wani ƙasaitaccen rimi, ga kirfa da muka murza ganyenta muka shinshina. A wannan yanki ne Gowon da Ojukwu suka zauna a Janairun 1967, zaman da bai hana yaƙin basasar Najeriya ba.

A hanyar dawowa hira ta koma kan farashi. A 2024 tan ɗin koko ya haura Dala 10,000 a kasuwar duniya, alhali manomin Ghana sai abin da gwamnati ta yanka masa a kan buhu mai kilo 64. Shi ya sa buhuna suka yi ta tsallakawa Togo da Kwaddibuwa. Mai karatu da ke bakin iyaka ya sani: laifi ne, kuma ana ƙwace kaya har da mota. Ga kuma 'yan galamse da ke tone gonaki neman zinare. Wani dattijo a cikinmu ya ce a shekarar da kokon ya yi ƙaranci, buhunan albasarsa sun daɗe a rumfa, domin manoman ƙauye ba su da kuɗin saye.