Kafin Ka Kawo Kunkuru Gida

A gidaje da dama na ƙasar Hausa akan ga kunkuru yana ja da ciki a tsakar gida. Wani don sha'awa ya ajiye, wani don yara, wani kuma saboda camfin cewa yana kare gida daga sammu. Ko ma mene ne dalili, yawancin masu shi sun ɗauka dabba ce da ba ta buƙatar komai. Ba ya kuka, ba ya haushi, sai ya yi watanni yana fama da ciwo ba wanda ya lura. Wannan shirun ne ke sa a bar shi ya lalace.

Babban kunkurun da aka fi ajiyewa a wajenmu ɗan yankin Sahel ne, ana samunsa tun daga Senegal da Mali, ta Nijar da Chadi, har Sudan. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ɗan da ka saya wanda bai cika tafin hannu ba yana iya haura kilo 50, ya kuma rayu fiye da shekara 70. Ke nan duk wanda ya kawo shi gida ya ɗauki amanar da wataƙila 'ya'yansa ne za su gada.

Da farko, wurin zama. Kunkuru ba na kwali ba ne, ba na bokiti ba, ba kuma na daɓen siminti ba. Yana son fili mai ƙasa, inda akwai rana akwai inuwa. A daji rami yake haƙawa mai zurfi ya fake daga zafi, saboda haka a gida ma zai haƙa. A kafa shingensa ya nutse cikin ƙasa, nesa da gindin katanga. Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, da hantsi yake ɗumama. Hasken rana kai tsaye ne kuma ke taimaka wa ƙashinsa ya yi ƙarfi. Wanda aka kulle a ɗaki, ƙoƙon bayansa kan yi laushi. Da hunturu a yi masa ɗan ɗaki busasshe, a shimfiɗa ciyawa, domin sanyin dare na jawo masa ciwon huhu. Ƙanana kuwa a tsare su daga kare, ɓera, shaho da hankaka. Kada a haɗa maza biyu wuri ɗaya: sukan yi karo har ɗaya ya kifar da ɗaya, kuma kunkurun da ya kife a rana yana iya mutuwa.

Sai abinci, inda aka fi yin kuskure. Kunkuru maciyin ciyawa ne. Mafi yawan cimarsa ta zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya, a ƙara da ganyen rama, yakuwa, ganyen kabewa da latas. Kankana, mangwaro da ayaba sai jefi-jefi, don zaƙi yana ɓata masa ciki. Sauran tuwo, shinkafa, burodi, wake, nama da kifi ba nasa ba ne. Zai ci in an ba shi, amma cin ba shaida ba ce. Irin wannan abinci yana wahalar da ƙodarsa, yana kuma cikin abin da ke sa ƙoƙon bayansa ya taso tudu-tudu maimakon ya yi sumul. A riƙa dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka, a barbaɗa masa kaɗan a ganye don ƙarfin ƙashi. A kiyaye ciyawar da aka yi wa feshi, a kwashe leda da maganin ɓera daga hanyarsa.

Masu cewa kunkuru ba ya shan ruwa sun yi kuskure. A ajiye masa ruwa mai tsabta a faffaɗan mazubi marar zurfi, wanda zai shiga ya fita da kansa. Amma kada yara su jefa shi a randa ko kududdufi. Kififiya ce mai iyo. Kunkuru nutsewa yake yi.

Akwai wata mummunar ɗabi'a ta huda gefen ƙoƙonsa a zura igiya ko waya a ɗaure. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa, da jini da jijiyoyi a ciki. Huda shi azaba ce, kuma ƙofa ce ga cuta. Shafa masa fenti ma cutarwa ce.

Lafiyar iyali ma abin dubawa ce. Kunkuru kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, mai sa zazzaɓi da gudawa, ba tare da shi ya nuna alama ba. Dalilin da ya sa ke nan Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kada a bar shi kusa da madafa, kada kuma jariri mai rarrafe ya haɗa fili da shi. Idan aka ga majina ko kumfa a hancinsa, kumburin ido, ƙin cin abinci ko kaska a jikinsa, a nemi likitan dabbobi.

Abu na ƙarshe, a san inda aka samo shi. Wannan kunkuru yana cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda kamu da ƙarancin ciyawa a daji, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wato CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don kasuwanci. Sayen na daji yana ƙara wa masu kamu ƙaimi. Gara a nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida.

Malamai sun sha tunatar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda ba shi da fili, ko lokacin nemo ciyawa kullum, ko wanda zai karɓi kiwon a bayansa, ya haƙura da kunkuru tun kafin ya saya.