Ƙungiyar Gari, Aljihun Mutum Ɗaya: Tushen Ƙuncin Kuɗi a Ƙwallon Sokode da Dapaong

A garuruwa da dama na Afirka ta Yamma, ƙungiyar ƙwallon ƙafa dukiya ce da kowa ke cewa tasa ce ranar da aka ɗauko kofi, amma da wuya a sami mai amsa sunanta ranar da direban mota ko mai masauki ya zo karɓar bashinsa. Arewacin Togo wuri ne da ya dace a nazarci wannan hali, domin a can ne ake da Semassi ta Sokode, wadda ke cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa tarihi a ƙasar, da kuma Foadan ta Dapaong, wadda ke wakiltar yankin da ya fi kowane nisa daga Lome, babban birnin ƙasa. Abin da ake gani a matsayin rashin kuɗi a irin waɗannan ƙungiyoyi yana da saiwa a wata tambaya da ba a daidaita amsarta ba, wato wane ne mai ƙungiyar.

Sokode, wadda ke da tazarar kimanin kilomita 340 arewa da Lome, gari ne na ƙabilar Tem da Hausawa suka fi sani da Kotokoli, kuma tsohon zango ne a hanyar fataken goro da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja. Sunan Semassi ya samo asali ne daga mayaƙan dawakai na ƙasar Tem, abin da ke nuna cewa tun farko ƙungiyar tutar gari ce kafin ta zama wani abu daban. Ta lashe gasar ƙasa sau goma, ciki har da sau uku a jere daga 1993 zuwa 1995, kuma na baya-bayan nan shi ne na 2014. A 1984 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka, inda Shooting Stars ta Ibadan ta fitar da ita, matakin da har yau ake ambatawa idan ana lissafa bajintar ƙungiyoyin Togo.

Wannan ɗaukaka ta faro ne a zamanin da gwamnati ke riƙe da komai. A shekarun 1970, ƙarƙashin mulkin jam'iyya ɗaya na Gnassingbe Eyadema, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1967 zuwa 2005, an sake tsara harkar wasanni ta yadda aka haɗe ƙananan ƙungiyoyi domin kowane babban gari ya kasance da ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa, kuma hukumomin yanki da manyan ma'aikata suka zama iyayen gidanta. Tsarin ya samar da ƙarfi a fili, sai dai bai koya wa ƙungiyoyi neman na kansu ba, don haka da rikicin siyasa na farkon shekarun 1990 ya zo, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafinta ga Togo a 1993, sannan aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sai nauyin ya fara sauka a wuyan 'yan kasuwa da manyan 'ya'yan gari.

A bisa doka, ƙungiyoyin gari a Togo suna da rajista ne a matsayin ƙungiyoyin sa-kai, bisa dokar ranar 1 ga Yuli 1901 da ƙasar ta gada daga Faransa. Ma'anar wannan ita ce ƙungiyar ba kamfani ba ce, ba ta da hannun jari da za a saya ko a sayar, ba a raba riba, kuma ikon ƙoli yana hannun babban taron mambobi wanda ke zaɓen shugaba da kwamitinsa na wani wa'adi. A aikace kuwa, kuɗin da mambobi ke biya ba ya isa ko sayen riguna da takalma, shi ya sa ake neman mai hali a ɗora shi a kujera, shi kuma ya riƙa biyan albashi da ladan nasara da kuɗin tafiya daga aljihunsa. A nan ne ƙwayar rikici take, domin idan ba a rubuta ba, babu wanda zai iya cewa kuɗin da shugaba ya kashe kyauta ce ko rance. Ranar da wa'adinsa ya ƙare, ko kasuwarsa ta ja baya, ko magoya baya suka gaji da shan kashi, shi yana ganin ƙungiyar ta zama tasa saboda abin da ya zuba, dattawa da tsoffin 'yan wasa kuma suna ganin amana ce aka ba shi, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a rasa gaskiya a cikinta ba. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a ƙungiyar ƙwallo miyar tana ƙarewa ne a tsakiyar kaka, lokacin da sauran wasanni ke gaba.

Hanyoyin samun kuɗi a gasar Togo ƙanana ne: kuɗin ƙofa, tallafin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ɗan abin da kamfanoni ke bayarwa domin talla, da kuɗin sayar da ɗan wasa idan an dace. Ba a iya tsawwala kuɗin shiga fili a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 52,500 a wata daga farkon 2023, bayan ya daɗe a 35,000, kuma kamfanonin da ke iya ɗaukar nauyi mafi yawansu a Lome suke. Ɓangaren kashewa kuwa ya fi tsanani ga 'yan arewa, domin Dapaong tana da tazarar fiye da kilomita 600 daga Lome a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wanda ke nufin wasan waje guda a kudu yana cin kuɗin mai da hayar mota da masauki da abincin mutum kusan talatin na kwana biyu ko uku. Hanyar kanta tana da haɗari, kamar yadda aka gani a watan Nuwamban 2011, lokacin da motar Etoile Filante ta Lome ta yi hatsari a hanyarta ta zuwa Sokode domin karawa da Semassi, mutum aƙalla shida suka rasu. Tun watan Yunin 2022 kuma yankin Savanes, wanda Dapaong ce hedikwatarsa, yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro saboda hare-haren da ke ƙetarowa daga iyakar Burkina Faso, yanayin da ke taɓa kasuwanci, wato aljihun da ƙungiyar gari ke dogaro da shi.

A gefe guda akwai ƙungiyoyin da ke jingine da ma'aikatu, irin su Dyto ta sojoji da AS Togo-Port ta hukumar tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda ta ci gasar ƙasa a 2017 ta kuma shiga matakin rukuni na gasar zakarun Afirka a 2018. Irin waɗannan suna da kasafin kuɗi da ba ya dogara da lafiyar kasuwar mutum ɗaya, don haka suna iya janye gwanayen 'yan wasa daga ƙungiyoyin gari, ko da kuwa ba su kai su yawan magoya baya ba. Rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya ƙara dagula lamarin, domin bayan nasarar Semassi ta 2014 hukumar FIFA ta ɗora kwamitin riƙon ƙwarya, gasar ƙasa ta tsaya, kuma ba ta dawo ba sai bayan zaɓen Kanar Guy Akpovy a matsayin shugaban hukumar ta ƙasa a watan Fabrairun 2016. Ƙungiyar da ba ta buga wasa ba ta da kuɗin ƙofa, ba ta kuma da abin da za ta nuna wa mai talla.

Nijeriya tana da darussa biyu a kan wannan batu. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, mallakar gwamnatin jiha ce, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma hakan bai hana ta faɗawa rukuni na biyu a 2022 ba, kafin ta dawo a shekarar da ta biyo baya, abin da ke nuna cewa kuɗin gwamnati ba ya maye gurbin tsari. Stationery Stores ta Legas kuwa ta mutum ɗaya ce, Israel Adebajo, wanda ya kafa ta a 1958 ya kuma rasu a 1969. Ta ci gasar ƙasa a 1992, sannan saɓanin iyali a kan mallaka ya durƙusar da ita duk da ɗimbin masoyanta. Jamus ta bi hanya ta tsakiya tun 1998, inda aka yarda masu jari su shiga, amma aka wajabta cewa rinjayen ƙuri'a ya ci gaba da zama a hannun mambobi.

Arewacin Togo bai rasa abin sayarwa ba. Mohamed Kader, wanda ya ci wa Togo ƙwallonta ɗaya tilo a gasar cin kofin duniya ta 2006, a wasa da Koriya ta Kudu, haifaffen Sokode ne, Djene Dakonam kuma, wanda ya koma Getafe ta Sifaniya a 2017, a Dapaong aka haife shi. Dokokin FIFA sun tanadi cewa a duk cinikin ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma tun 2022 akwai ofishi a Paris da ke tattara wannan haƙƙi ya aika wa masu shi. Sharaɗin shi ne sunan yaron ya kasance a rajistar ƙungiyar tun yana ƙarami, kuma ƙungiyar ta mallaki asusun banki da sunanta, ba da sunan shugabanta ba.

Saboda haka gyaran ƙungiyoyin Sokode da Dapaong ya fi buƙatar alƙalami da takarda fiye da sabon attajiri: rajistar mambobi masu biyan kuɗi, babban taro a kan lokacinsa, bayanin kuɗi da ake karantawa a gaban jama'a kowace shekara, da yarjejeniya a rubuce da ke fayyace ko abin da shugaba ya bayar kyauta ce ko bashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma garin da yake son a kira ƙungiya da sunansa, wajibi ne ya yarda a rubuta sunansa a takardar bashinta.