ZIYARAR BIRNIN KATSINA: ABIN GANI DA ABIN CI

Gabatarwa

Mu mutanen kudancin ƙasar Katsina, wato daga Dayi zuwa Malumfashi har Funtuwa, muna da wata ɗabi'a game da babban birninmu. Ba mu cika zuwa Katsina ba sai da wata lalura, ko neman takarda a ofis, ko dubiya a asibiti, ko gaisuwar mutuwa. Da zarar buƙata ta biya sai mu nufi tasha. Ni kaina na yi irin wannan zuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kafin ranar da aka tambaye mu a aji ko wa ya taɓa tsayawa a gindin Gobarau, na rasa bakin magana. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna wa ɗalibi yadda zai kashe yini guda a birnin Katsina, ya ga abin da ya kamata ya gani, ya kuma ci abin da mutanen gari ke ci. Dalilin gaggawa kuwa shi ne, yawancin abubuwan tarihin nan da ƙasa aka gina su, ita kuwa ƙasa kowace damina sai ta ragu.

Hanya da Karin Kumallo

Wanda ya taso daga Dayi zai bi hanyar da ta fito daga Funtuwa, ya nausa arewa har Gidan Mutum Ɗaya, inda zai haɗu da hanyar Kano zuwa Katsina. Daga nan sai Kankiya, sai Caranci, sai birni. Ya kyautu a yi sammako, a kuma shirya dawowa da sauran rana, saboda halin da hanyoyi suka shiga a 'yan shekarun nan. Tun a mota mai lura zai fara karatu, domin zai ga laka mai ba da dawa da masara da auduga tana ja da baya, jigawa mai ba da gero da wake tana shigowa. Wannan bambanci shi zai tarar a cikin akushi idan ya isa.

Mai shigowa ta hanyar Kano ta Ƙofar Ƙaura zai shiga gari. Da yake da ruwan ciki ake jan na rijiya, a nan ya kamata ya karya kumallo. Da hantsi ba a rasa masu koko da ƙosai da masu waina a bakin titi da kewayen tasha. Shawarata ita ce a bar teburin mai shayi, tun da shayi da burodi ko'ina ɗaya ne, a nemi inda tanda ke kan wuta, a sayi waina da zafinta, ko da miyar taushe ko da ƙuli da yaji.

Ganuwa da Ƙofofi

Ban da Ƙofar Ƙaura, akwai Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Sunayen kansu darasi ne, domin Ƙaura da Durɓi da Marusa da 'Yanɗaka duk sarautu ne na ƙasar Katsina. Ta Ƙofar 'Yanɗaka aka ce Lugga ya shigo da rundunarsa a 1903. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya sauka a birnin a 1851, ya kiyasta cewa kewayen ganuwar ya haura mil 13, ya kuma tarar da mutane a wani ɗan yanki kawai na cikinta, saboda yaƙe-yaƙe sun ɗaiɗaita garin, kasuwancinsa kuma ya koma Kano.

A yau wanda ya je neman wannan ganuwa sai ya yi da gaske. Ruwa ya zaizaye wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun kwashe wani, gidaje da shaguna sun hau kan wani. Ƙofofin da ake gani yawancinsu sabon gini ne a mazaunin na da. Saboda haka duk inda ɗalibi ya ci karo da guntun tudun ganuwa, ya tsaya ya dube shi da kyau, ya kwatanta kaurinsa, ya tambayi dattawan unguwa iyakar inda suka san ta kai a lokacin ƙuruciyarsu. Amsar da zai samu ba ta cikin kowane littafi.

Hasumiyar Gobarau

Idan lokaci ya ƙure har ba a iya ganin kome sai abu guda, to a ga Gobarau. Hasumiya ce ta ƙasa, tsawonta kimanin ƙafa 50, hawa uku, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa tsukewa. Masu ba da tarihi na danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, wanda ya kā da Sanau a kokawa ya karɓe sarauta daga hannun Durɓawa, wanda kuma ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko. Hasumiyar ta babban masallacin gari ce a wancan zamani. Daga kanta ake kiran salla, daga kanta kuma ake hango ƙurar mahara tun suna nesa. Kewayenta ya zama matattarar malamai da almajirai, har shahararren malamin nan Muhammadu Al-Magili ya zauna a Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Masallacin ya daɗe da rushewa, ita ma hasumiyar an sha yi mata gyara, musamman a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya yi a nan ya wuce ɗaukar hoto. Ya dubi ginin ya kira kowane abu da sunansa: tubali, da azara wadda ake fasowa daga giginya, da yaɓe, da makuba da ake shafawa don ruwa. Waɗannan kalmomi muna haddace su don jarrabawa, amma da yawa daga cikinmu ba su taɓa ɗora hannu a kan abin da suke nufi ba. Gani ya kori ji.

Gidan Korau da Kangiwa

Daga Gobarau zuwa fadar Sarki tafiyar ƙafa ce. Har yanzu Gidan Korau ake kiran fadar, ko da yake gidajen sarauta sun sauya. Bayan jihadi, wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan Haɓe kuma suka koma arewa suka kafu a Maraɗi. A 1906 sarauta ta koma gidan Sulluɓawa ta hannun Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944. Bayansa aka yi Usman Nagogo zuwa 1981, da Muhammadu Kabir Usman zuwa 2008, sa'an nan Abdulmumini Kabir Usman. Duk da wannan sauyi, takobin nan Gajere, wanda ake jingina wa Korau, yana nan cikin kayan sarautar Katsina.

Baƙo zai ga Ƙofar Soro da filin Kangiwa, inda ake taruwa a yi jafi ranar hawan Salla. Sai dai ya tuna fada gida ne mai masu shi. A yi sallama ga dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, a tsaya inda aka ce a tsaya. Ba banza aka kira Katsina ɗakin kara ba, wanda ya yi kara shi ake yi wa.

Abincin Rana

Kafin a gama da fada azahar ta yi. Bayan salla sai a nemi fura, domin Katsina ƙasar gero ce, furarta kuwa ba ta da haɗin da ke kashe mata ƙamshi. A wajen matan Fulani masu ƙwarya ake samunta, a bakin kasuwa ko a inuwar da suka saba zama. A ce a dama da kindirmo, a sa ido ana damawa. Wanda ke son abu mai nauyi ya tambayi gidan tuwo a cikin unguwa, inda 'yan kasuwa da masu sana'a ke ci, domin yawan masu shiga shi ne shaidar miya. A can zai sami tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya, da man shanu idan ya nema. Akwai kuma ɗanwake da dambu da kwaɗon zogale ga mai ƙaramin guzuri.

Wurin cin abinci kuma makaranta ce ta karin harshe. A nan ɗalibi zai ji an ce hura maimakon fura, mi maimakon me, gidanshi maimakon gidansa. Barth ya yaba wa Hausar Katsina a kan ta sauran garuruwa wajen wadata da daɗin furuci. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, rabin sa'a a kan benci da kunne a buɗe zai ba shi misalan da za su ishe shi rubuta jinga guda.

Tsohuwar Kwaleji da Waliyyai

Da la'asar sai a nufi Rafindaɗi, inda tsohuwar Kwalejin Katsina take. An kafa ta a 1921 don horar da malamai, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. A cikin waɗannan azuzuwa na ƙasa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Abubakar Imam suka yi karatu. A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ga mai nazarin adabi, tsayawa a inda marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ya zauna yana ɗalibi ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ilimi a Katsina ya girmi kwaleji da ɗaruruwan shekaru, kuma shaidarsa ita ce kushewun waliyyai. Akwai Wali Ɗan Marina, malami kuma mawaƙi na ƙarni na 17, wanda babbar maƙabarta ke ɗauke da sunansa, inda aka rufe Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Akwai almajirinsa Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, da unguwarsa ta Masanawa. Akwai kuma Wali Ɗan Takum, wanda ya yi alƙalanci a birnin tun ƙarni na 16. A shiga waɗannan wurare da natsuwa, a yi addu'a, a fita.

Kafin a koma tasha, masu tsire da balangu sun hura wuta. A ci na ci, a kuma sayi kilishi don tsaraba, tun da shi ba ya lalacewa a hanya.

Kammalawa

Yini guda ba zai ƙare Katsina ba. Mai sauran lokaci yana iya kwana ya wuce Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda kushewun sarakunan farko suke, ya kuma haɗa da karanta littafin Yusufu Bala Usman na 1981 a kan tarihin Katsina. Roƙona ga ƙungiyar ɗaliban Hausa da malamanmu shi ne a sa irin wannan ziyara cikin ayyukan kowace shekara, kowane ɗalibi ya dawo da abin da ya rubuta daga bakin dattawa, a ajiye a sashe. Ganuwar da kakanninmu suka gani ba ita muka tarar ba, wadda muka tarar kuma ba lalle ne ƙannenmu su same ta ba. Allah ya ba mu ikon zuwa tun da sauran abin gani.