Kyamara Maras Madubi: Ko Na'urar Hana Girgiza Za Ta Mayar Wa Mai Hoto Kuɗinsa?

SULEJA — Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja cikin watan Disamba na 1991, garin Suleja da kewayensa, kamar Madalla da Gauraka, sun zama mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗimbin yawa. Yawan jama'a kuwa shi ne jarin mai ɗaukar hoto, domin kusan kowane ƙarshen mako akwai ɗaurin aure, ko suna, ko walimar saukar karatu, ban da hawan salla a fadar Sarkin Zazzau Suleja. To, amma wayar salula ta ƙwace ƙananan ayyuka daga hannun masu wannan sana'a, abin da ya rage musu shi ne aikin da ke bukatar gwaninta da kayan aiki nagari.

Wannan ne ya sa duk mai shirin sabunta kayansa ke fuskantar tambaya guda: ya ƙara kuɗi ya sayi kyamara maras madubi mai na'urar hana girgiza a cikinta, wadda ake kira IBIS a taƙaice, ko kuwa ya tsaya ga mai rangwame wadda ba ta da ita?

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cik, kuma idan ƙofar hasken kyamara ta daɗe a buɗe, 'yar rawar hannu kan sa hoto ya fito dishi-dishi. Na'urar tana auna wannan rawa, sannan ta motsa farantin da ke ɗaukar haske ta yadda zai soke ta nan take. Kamfanin Canon ya fara sanya irin wannan dabara cikin gilashin kyamara a 1995. Konica Minolta kuma ya mayar da ita cikin cikin kyamarar a samfurinsa 7D na 2004, kafin Sony ya karɓi harkar kyamarorin kamfanin a 2006. Olympus ya fito da mai gyara girgiza ta fuska biyar a 2012, Sony ya bi sahu da A7 II a 2014, Nikon da Z6 da Z7 a 2018, sannan Canon da R5 da R6 a 2020. A wannan shekara ta 2020 ne kuma yawan kyamarori marasa madubi da kamfanonin Japan suka fitar ya zarce na masu madubi.

Ana auna ƙarfin na'urar da mataki, kowane mataki yana ninka lokacin da za a iya barin ƙofar haske a buɗe. Ƙa'idar masu hoto ta da ita ce, mai riƙe da gilashin milimita 50 a hannu kada ya bar ƙofar ta wuce kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa. Da taimakon mataki huɗu, zai iya kaiwa kusan kashi 1 cikin 3 na daƙiƙa, hoton kuma ya fito garau. Canon ya ce R5 na kaiwa mataki 8 da wasu gilasai, sai dai wannan ma'aunin ɗakin gwaji ne, ba na filin biki ba.

Ga ɗan kasuwa, ribar ta kasu uku. Ta farko, aikin cikin ɗaki da na dare, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ana iya yinsa ba tare da jan fitilu da ƙarfe mai ƙafa uku ba. Ta biyu, da yake na'urar tana cikin kyamara ne, tana amfanar kowane gilashi da aka ɗaura mata, har tsofaffin gilasai na hannu da ake haɗawa da mahaɗi; ke nan an saya sau ɗaya, maimakon a riƙa biyan kuɗinta a kan kowane gilashi. Ta uku, masu biki a yau bidiyo suke nema tare da hoto, don sakawa a Facebook da TikTok, bidiyon hannu kuwa rawarsa na raguwa ƙwarai da wannan na'ura. Kuma ɗaurin aure ba a maimaita shi: hoton da ya lalace ya tafi ke nan, wani lokaci har da sunan mai shago.

Duk da haka, na'urar ba maganin kowace cuta ba ce. Rawar hannu take gyarawa, ba motsin abin da ake ɗauka ba. Dokin da ke sukuwa a hawan salla, ko 'yan mata masu rawa a wajen kamu, sai an rufe ƙofar haske da sauri, ko da na'ura ko babu. Haka nan mai aikin hoton fasfo a shago, da fitilarsa da ƙafa ukunsa, ba abin da za ta ƙara masa. A dogon gilashi, irin wanda ake hango Dutsen Zuma da shi daga nesa, wadda ke cikin gilashin ta fi tasiri. Mai bin ango da amarya a ƙafa yana ɗaukar bidiyo kuwa, har yanzu yana bukatar gimbal.

Batun kuɗi ma abin dubawa ne. Duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira cikin watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Bugu da ƙari, ba kowace kyamara maras madubi ke da na'urar ba: Canon RP da R8, da Nikon Z50, da Sony A6400 duk ba su da ita, alhali A6600 tana da ita. Mai sayen ta hannu kuma ya kamata ya gwada ta a wuri mai ƙarancin haske kafin ya biya, domin farantin mai motsi ne, faɗuwa na iya lalata shi, gyaransa kuma sai ƙwararre.

Saboda haka, hukuncin yana ga littafin cinikin mai shago. Wanda akasarin kuɗinsa ke fitowa daga bukukuwan dare da bidiyo, ƙarin da zai biya jari ne da zai dawo. Wanda kuwa abincinsa ke cikin shago, gara ya zuba kuɗin a gilashi mai kyau da fitilu.