Kalmar sanguine: abin da ya kamata ku sani

Bahaushen da ke kasuwanci a Adjamé ta Abijan, daga Saint-Michel zuwa tashar mota, kunnensa ya saba da Faransanci da Julanci. Amma saƙon abokan cinikinsa na Legas da Akara da Ingilishi yake shigowa wayarsa, kuma a nan ne kalmar sanguine kan rikitar da mutum.

A Ingilishi ana furta ta "sangwin", ana kuma nufin mai kyakkyawan zato, wanda ya sa rai al'amari zai yi kyau ko da alamu ba su nuna haka ba. Idan dillalinka na Legas ya rubuto cewa yana sanguine game da farashin atamfa, cewa yake hankalinsa kwance, yana ganin kasuwa za ta buɗe. Jaridu sun fi amfani da ita, sau da yawa da korewa: wane ba ya sanguine, wato bai ga alamar haske ba.

Faransancin Abijan kuwa wata hanya ya bi. In aka ce mutum sanguin ne, mai zafin kai ake nufi, wanda magana kaɗan ke tunzura shi. Sau da yawa ma jini kawai ake nufi, kamar a katin rukunin jini, ko a sunan cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da ke Treichville.

Tushensu ɗaya, sanguis, wato jini da Latin. Likitocin dā, irin su Jalinus, da Ibn Sina a littafinsa Alƙanun da ya kammala a 1025, sun ɗauka ruwa huɗu ne ke juya halin ɗan Adam: jini, majina, da ruwan matsarmama iri biyu, rawaya da baƙi. Wanda jini ya rinjaya a jikinsa shi ne damawi a littattafan ɗibbu, mai fara'a da kuzari. Ingilishi ya riƙe fara'ar, Faransanci ya riƙe zafin. Likitancin zamani ya daɗe da ajiye wannan ra'ayi, sai dai harshe bai sake shi ba. Mu ma muna cewa wane mai farin jini ne, wane kuma mai jini a jika.

Ku kula kada ku haɗa sanguine da sanguinary, wadda ke nufin abin da ya shafi zubar da jini. Kuma kafin ku ji haushi ko ku yi murna, ku duba da wane harshe aka rubuto saƙon.