TUƘIN MOTA A KAN ƘANƘARA: HAƘURI YA FI GWANINTA

A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, sa'ad da sanyi ya kankama daga watan Disamba zuwa Maris, dusar ƙanƙara ta kan zubo ta lulluɓe hanya fari fat. Direban da ya yi shekara ashirin yana tuƙi a ƙasa mai zafi, in ya je can, lalle sai ya koma almajiri.

Mutanen Ingila sun ga abin da idonsu. A ƙarshen Disamba na shekarar 1962 dusar ƙanƙara ta sauko musu, ba ta narke ba a wurare da yawa sai cikin Maris na 1963. Har bakin teku ya daskare a gaɓar Kent. Motoci suka maƙale a hanya, ƙauyuka suka yanke daga birane.

To, mene ne asalin hatsarin? Taya tana tafiya ne domin tana kama ƙasa. In ruwa ya daskare a kan kwalta, sai kamun nan ya kusa ƙarewa. Littafin dokokin hanya na Ingila ya nuna motar da ke gudun mil 30 a awa tana bukatar ƙafa 75 kafin ta tsaya a busasshiyar hanya, amma a kan ƙanƙara nisan ya kan kai ninki goma, watau wajen yadi 250. Wanda ya bi motar gabansa kurkusa, ashe kabarinsa ya ke haƙa.

Mafi sharri kuwa ita ce wadda Turawa ke kira baƙar ƙanƙara. Siririya ce, ana ganin kwalta ta cikinta, sai direba ya zaci hanya lafiya lau ta ke. Ta fi samuwa da asuba, da kan gada, domin iska mai sanyi tana bugun gada ta sama da ta ƙasa, saboda haka ita ke fara daskarewa.

Maganin abin shi ne a yi kome a hankali. A tashi da giya ta biyu, kada taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya. A taka totur sannu, a juya sitiyari sannu. In bayan mota ya zame, kada a danne birki don firgita. A ɗaga ƙafa daga totur, a juya sitiyari wajen da bayan ya nufa, har ta daidaita.

Akwai kuma shirin da a ke yi tun a gida. A zuba maganin hana daskarewa a lagireto, gama ruwa in ya daskare ya kan kumbura ya fasa inji. A duba batir, domin sanyi yana rage masa ƙarfi. A share gilashi duka kafin a tashi. A Finlan aka fara ƙera tayar sanyi a shekarar 1934, robarta ba ta ƙandarewa, kuma a lardin Kwibek na Kanada doka ta wajabta ta tun 2008.

In kuwa mota ta maƙale cikin guguwa, zama a cikinta ya fi fita neman hanya. Amma a tabbata dusa ba ta toshe bakin salansa ba, domin hayaƙin ya kan komo ciki, gubarsa ba ta da wari, ta kan kashe mutum yana barci. A guguwar birnin Bafalo na Amurka, a Disamba 2022, mutum fiye da 40 suka rasu, waɗansu a cikin motocinsu.

Saboda haka 'yan'uwanmu masu zuwa karatu ko aiki a waɗannan ƙasashe su riƙe wannan: ranar da hukuma ta yi gargaɗi, a haƙura da tafiya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kiyaye mu.