Katantanwar Teku a Gidajen Tarihi: Ta Jiya da Ta Yau a Ɗaki Ɗaya

Manyan gidajen tarihin halittu na duniya suna riƙe da miliyoyin ɓawon katantanwar teku, kuma abin da mai ziyara yake gani a bayan gilashi kaɗan ne ƙwarai daga ciki. Saura suna ɗakunan ajiya, cikin durowoyi masu faɗi marasa zurfi, kowane rukuni a ɗan akwatin kwali ko a siririyar kwalba da aka toshe bakinta da auduga. Gidan tarihin halittu na Landan kaɗai yana da kimanin miliyan 8 na katantanwa da dangoginta masu ɓawo. Akwai manyan taskoki irin wannan a Faris, da Washinton, da Filadalfiya.

Taskar kashi biyu ce. Akwai ɓawon nau'o'in da ke raye a yau, waɗanda aka tsinto a gaɓa, ko masu nutso suka ɗebo, ko aka jawo da raga daga ƙasan teku. Akwai kuma na zamanin dā, waɗanda aka tono daga cikin duwatsu da laka bayan sun shafe miliyoyin shekaru a binne. Abin da ya sa ɓawon ya dace da ajiya shi ne yadda dabbar take gina shi. Da sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai take yin sa, tana ƙara sabon sashe a bakinsa yayin da take girma ba tare da ta rushe na baya ba. Saboda haka ɓawo guda yana ɗauke da tarihin mai shi tun daga ƙuruciya a can tsinin sama har zuwa ranar mutuwa a bakin ƙofa.

Tara katantanwa ya faro ne a matsayin abin ƙawa na attajiran Turai, musamman 'yan kasuwar Holan da jiragensu ke dawowa daga Gabas a ƙarni na 17. A ƙarni na 18 ne abin ya koma ilimi. Michel Adanson, Bafaranshe da ya zauna a Sanagal daga 1749, ya wallafa littafi kan katantanwar gaɓar ƙasar a 1757, kuma bai tsaya ga ɓawo kawai ba, ya lura da dabbar da ke ciki. Shekara guda bayan haka Carl Linnaeus na Suwidin ya fitar da bugu na goma na littafinsa na rarraba halittu, wanda daga shi ake fara lissafin sunayen kimiyya na dabbobi. Cikin waɗanda ya raɗa wa suna har da wuri, wato ƙaramar katantanwar tsibiran Maldibs da ke Tekun Indiya, wadda aka daɗe ana ciniki da ita a kasuwannin Kano da Katsina.

Babu wanda ya kai Hugh Cuming suna a wannan fage a ƙarni na 19. Baturen Ingila ne mai ɗinka filafilan jiragen ruwa a Chile, ya ƙera jirginsa na kansa ya shiga yawon tsibiran Tekun Fasifik, daga baya ya yi shekaru a Filifin. Bayan rasuwarsa, gidan tarihin Birtaniya ya sayi taskarsa a 1866 kan fam 6,000, ɓawo kimanin 83,000. Sai dai taskar ta zo da matsala da har yau masana ke fama da ita: wuraren da aka rubuta cewa daga nan aka samo wasu nau'o'in ba daidai ba ne. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin a wurin mai bincike darajar ɓawo tana ga 'yar takardar da ke kusa da shi, mai ɗauke da wuri, da zurfin ruwa ko shimfiɗar dutse, da rana, da sunan wanda ya ɗebo. Idan takardar ta ɓace, abin da ya rage ado ne kawai. Mafi tsada kuwa su ne ɓawon da aka dogara da su a lokacin raɗa wa wani nau'i suna. Galibi akan yi musu jar alama a keɓe su, domin duk gardamar da ta taso kan sunan, gare su ake komawa.

Amfanin haɗa na dā da na yau a wuri ɗaya ya bayyana sarai a aikin Charles Lyell, masanin duwatsu ɗan Sikotlan, da Gérard Deshayes na Faris. Tambayar da ke gabansu ita ce yadda za a gane wace shimfiɗar dutse ta girmi wata, alhali ɗaya tana Italiya ɗaya tana Faransa. Deshayes ya gwada dubban nau'o'in da aka tono da dubban da ke raye, ya ƙirga a kowace shimfiɗa nawa ne har yanzu ake samu a teku. A duwatsun kewayen Faris da Landan, kimanin kashi 3.5 cikin 100 ne kawai suke da rai a yau. A na yankin Bordo da kwarin Luwar an sami kusan kashi 17. A wasu duwatsun Sisili kuwa sun haura kashi 90. Ma'anar a fili take: gwargwadon ƙarancin masu rai, gwargwadon tsufan dutse. Da wannan Lyell ya raba zamunan da ya kira Iyosin, Mayosin da Filayosin a 1833. An gyara iyakokinsu sau da yawa tun daga lokacin, amma sunayen suna nan ana aiki da su.

Wani lokaci gwajin yakan zo da ba-zata. Akwai dangin katantanwa mai tsaga a leɓen ɓawonta, wadda masana suka sani a duwatsu kaɗai, suna ɗaukar ta ƙare. A 1856 sai aka bayyana wani nau'inta da ke raye har yanzu a zurfin tekun Karibiyan, kusa da Gwadaluf. Haka kuma wata doguwar katantanwa da ake tonowa a duwatsun Faris, wadda tsawonta kan wuce rabin mita, tana da 'yar'uwa guda tak da ta rage, a gaɓar kudu maso yammacin Ostareliya.

Binciken zamani yana karanto abubuwan da masu tarawar ba su taɓa tunani ba. Ƙaramin rami zagayayye a jikin ɓawo, mai faɗi a waje da tsukewa a ciki, shaida ce ta wata katantanwa mai cin 'yan'uwanta da ta huda shi ta shanye naman. Ƙirga irin waɗannan ramuka a zamuna daban-daban yana nuna yadda farauta ta tsananta a teku, da yadda ɓawo ya riƙa ƙara kauri da ƙayoyi. Sinadaran da ke cikin ɓawo suna nuna ɗumin ruwan da dabbar ta rayu a ciki. Wani ɓawon da ya koɗe fari fat, idan aka haska shi da fitilar altarabayolet, zanensa na asali yakan fito. Waɗanda aka ɗebo da rai kafin 1950, aka kuma rubuta shekarar, su ake amfani da su wajen daidaita awon shekarun abubuwan da suka fito daga teku, domin gwaje-gwajen makaman nukiliya na bayan nan sun sauya sinadarin da ake awon da shi.

Ƙasar Hausa ma tana da nata rabon a wannan tarihi. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe yankin Sakkwato da Tawa. Farin dutsen Kalambaina, wanda ake haƙa don yin siminti, a ƙasan wannan teku ya taru, kuma yana ɗauke da burbushin katantanwa da sauran halittun ruwan gishiri. Da yawa daga ciki ɓawon ya narke, sai lakar da ta cika cikinsa ta daskare ta riƙe siffarsa. Tun farkon ƙarni na 20 aka riƙa aika samfurin wannan yanki zuwa Landan da Faris, kuma akwai buƙatar jami'o'in yankin su gina nasu taskokin masu cikakken bayani, tun da abin da injin niƙa ya haɗiye ba ya dawowa.

Ajiyar ma tana da tata wahalar. Katakon wasu durowoyi, musamman na itacen ok, yana fitar da tururi mai tsami wanda ke cin ɓawo ya bar farin gari a kansa, matsalar da Loftus Byne ya bayyana a 1899. Laima tana ƙara ta'azzara ta, haske kuma yana kashe launi. Shi ya sa gidajen tarihi suka koma ga durowar ƙarfe, da takarda marar tsami, da na'urorin daidaita danshi. A 'yan shekarun nan kuma suna ɗaukar hoton ɓawon tare da takardunsu suna sa su a intanet, ana farawa da waɗanda aka raɗa suna da su, domin mai bincike a Zariya ko Yamai ya iya gwada abin da ya tono da na Landan daga inda yake.